Tandar Inna ta Abakpa

Na san abin da aka gaya muku game da shekarar da na bar gida. Ku manyan an ce muku jinyar Inna na tafi. Ƙananan kuma da suka yi wayo sai suka tarar da wani labarin a bakin gwaggwanninku, wai ɗaukaka ce ta zo wa babanku ni kuma na kasa ɗaukarta, na je na zubar masa da mutunci a kan titi. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, ba kuwa zan ci namansa ba. Amma Inna ko ciwon kai ba ta yi ba a shekarar nan, ni kuma da hankalina na yi abin da na yi. Tunda har yau akan rage murya idan na shigo gidan biki, gara ku ji daga bakina.

Kakarku waina take toyawa a ƙofar gidanmu na Abakpa, tun kafin kakanku, tsohon soja, ya rasu. Rumfar ba wata rumfa ba ce, kwano ne guda a kan sanduna, da benci, da murhu, da tandar ƙasa wadda mai ya ratsa har ta yi baƙi tana sheƙi. Da asuba take hura wuta, hantsi na yi ta sauke. Masu gadi da suka tashi aiki, da leburori, da akawuna masu ɗaure wuya, da matan sojoji, duk a bencin nan suke haɗuwa. Ni ba a can na tashi ba. Ana yaye ni Gwaggo, yayar babana, ta ɗauke ni zuwa Zariya, inda take auren wani alƙali. A gidan alƙali na yi karatu har na zama malamar firamare, sannan na dawo Kaduna aiki na sauka wurin Inna. A bencin nan babanku ya fara ganina, yana ƙaramin akawu mai keke, ya zo da kwanonsa na sha yana roƙon a ƙara masa romo.

Mun yi shekaru muna haya a Hayin Banki, ba wanda ya damu da 'yar wa nake. Sai aka ba babanku darakta, aka ba mu gidan gwamnati a Unguwar Rimi mai ciyawa da ɗakin baƙi. Lokacin mulkin soja ne, zamanin da matan manya suke ta kafa ƙungiyoyi, kowace ma'aikata da tata, ana ɗinka anko ana yanka kek. Ban nema ba aka sa ni a ciki. A taron farko shugabar, Hajiya Bilki, matar babban sakatare, ta gabatar da ni da cewa 'yar gidan alƙali ce daga Zazzau. Na buɗe baki zan gyara, sai na tuna a bakin wa za ta ji wannan in ba a bakin mijinta ba, shi kuma a bakin wa. Na haɗiye maganar.

Da na tambayi babanku bai musa ba. Yana cire agogo ya ce:

"To ƙarya na yi? Ba a gidan alƙali kika tashi ba?"

"A gidansa na tashi, amma ba matarsa ta haife ni ba."

"Malama, ki bar tone-tone. Ni Inna nake tausayi. Shekarunta sun wuce zaman hayaƙi. Ga ɗaki nan a bayan gida, a gyara mata, in Allah Ya kai mu baɗi in biya mata Makka. Ta huta."

Ba zan zalunce shi ba, har zuciyarsa yana son ya kai ta Makka, ya kuma kai ta daga baya. Amma na zauna da mutumin nan shekara da shekaru, na san muryarsa ta tausayi, na san muryarsa ta jin kunya. Wannan ta biyun ce. Tsoronsa kada wata rana direban ofis ya tsaya sayen karin kumallo a ce masa ai wannan surukar darakta ce. Na ce masa Inna ba ta ce ta gaji ba. Na ɗauka magana ta mutu a nan.

Ashe ya je ya same ta shi kaɗai, ya durƙusa har ƙasa ya roƙe ta. Kun san Inna da suruki, ko idonsa ba ta iya kallo. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce to, wata na mutuwa za ta kashe wuta. Ba ita ta gaya min ba, maƙwabciyarta Iya Nufawa ce ta tare ni a bakin famfo. Na shiga na tarar da Inna tana wanke shinkafa, bakinta a rufe, idanunta sun faɗa. Matar da ke tsokanar kowa a benci, ta san wanda matarsa ta haihu da wanda aka kora daga aiki, za a kai ta bayan gida a Unguwar Rimi ta riƙa kallon katanga. Ranar na yi kuka a motar haya har kwandasta ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ana cikin haka sai ga baƙi. Za a yi taron ma'aikatu a Kaduna, manyan suka taho da matansu daga Sakkwato da Maiduguri da Ibadan da sauran wurare, aka ɗora wa ƙungiyarmu nishaɗantar da matan. Tsarin Hajiya Bilki shi ne a zuba su a bas a zagaya da su su ga gine-gine, a dire su a otal su ci soyayyar shinkafa da kaza. Na ɗaga hannu na ce irin wannan shinkafar ai ita suka baro a garuruwansu, me zai hana a sauke su su taka ƙasa, su ɗanɗana abin da mutanen Kaduna ke ci da safe? Sai wata ta ce ai ta ji haka ake yi wa baƙi a ƙasashen Turawa. Jin an ambaci Turawa sai kowa ta yarda, aka kuma ce tunda ni na kawo shawara ni zan ja gaba.

Lissafina ɗaya ne. Ɓoyo ne zai kashe wutar Inna. In kowa ya sani, babu sauran abin ɓoyewa, babu dalilin kashe ta. Mutum ɗaya na gaya wa, ƙawata Rifkatu, 'yar Kagoro, wadda muke koyarwa tare, mijinta kuma yana ma'aikata ɗaya da babanku. Ta dafe ƙirji ta ce:

"Kai, Malama Zulai, za ki kashe mu! Maigidanki ya sani?"

"Zai sani."

"To ni dai zan riƙe miki jaka. In an kore ki, akwai ɗaki a gidana."

Safiyar Asabar bas ta sauke mu a bakin Unguwar Shanu. Ku zo ku ga mata cikin leshi da gwala-gwalai da takalma masu tsini suna tsallake kwata, kowace ta tattare zani. Da farko fuskoki a murtuke, har da mai toshe hanci da hankici. Na fara da su wurin mai ƙosai, na sa aka kwaso shi daga mai yana ƙara, aka barbaɗa yaji, aka haɗa da koko mai tsamiya. Ba a daɗe ba hankici ya koma aikin share hawayen yaji. Daga nan muka shiga lungu wurin wata Bakanuwa mai ɗanwake, na nuna musu yadda take tsinka shi cikin tafasasshen ruwa, in ya taso sama ya nuna. Wata matar Ibadan ta tsaya tana tambaya me ya sa yake santsi, na ce kuka ce da kanwa, ta ce sai an ƙulle mata kukar ta tafi da ita. Rifkatu ta karɓi ja-gaba ta kai mu wurin wata innarta mai faten acca, da yakuwa da gauta da ɗan ɗaci-ɗacinsa, tana ta cika baki wai mu Hausawa ba mu san fate ba, tsaki kawai muke damawa. Wata matar Maiduguri ta hango sinasir a faranti ta yi kabbara kamar ta ga 'yar uwarta, ta ɗanɗana ta ce ya yi, amma ba kamar na gida ba. Aka ci dakuwa da ƙuli-ƙulin Nufawa, aka kora da kunun gyaɗa. Wata Basakkwata, Hajiya Luba, doguwa mai dariya da dukan jiki, tuni ta tuɓe takalmi ta sayi silifa a kan hanya. Hajiya Bilki kanta, da ta ce azumin nafila take, na waiga na gan ta tana lasar yatsa a bayan wata mota.

Ni kuwa ban iya cin komai ba. Muna ta kusantar Abakpa. Na ce musu kowa ta rage wuri, domin na ajiye babban a ƙarshe.

Mun tarar da bencin cike. Maza suka miƙe suka ba mu wuri. Inna tana kan 'yar kujerarta, ludayi a dama, cokalin juyi a hagu, tana zuba ƙullu gurbi-gurbi, kafin ta kai na ƙarshe na farko ya isa juyi. Ta ɗago ta ga taron mata, ta gan ni a gabansu, ta mayar da kai kan tanda kamar ba ta ga kowa ba. Aka zuzzuba musu a kwanonin sha, miyar taushe da kabewa da ƙashin rago a kai. Wainar Inna bayanta ja ne mai ƙaras-ƙaras, cikinta fari kamar auduga, da ɗan tsami kaɗan da ke sa mutum ya miƙa kwano a ƙara. Kowa ta duƙufa a kan kwanonta. Hajiya Luba ce ta fara magana, bakinta cike:

"Wallahi wagga masa ta fi ta Sakkwato, ku dai kar ku gaya ma kowa ni ac ce. Malama, ina kika samo wagga tsohuwa?"

Na miƙe tsaye. Muryata ta fita sarai.

"Ban samo ta ba, Hajiya, ita ta samo ni. Wannan ita ce mahaifiyata. A ɗakin can mai labulen kaba aka haife ni. Matar alƙali gwaggona ce, riƙona ta yi. Da wannan tandar aka yi min kayan ɗaki."

Na shirya wa fushin babanku, na shirya wa idon Hajiya Bilki. Abin da ban sa a lissafi ba ita ce Inna. Ni ce 'yarta ta fari. Ku 'yan yanzu da kuke rungumar ɗan fari kuna kiran sunansa a gaban surukai ba za ku gane ba. A wurin su Inna, mace ba ta amsa ɗan fari nata ne a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Kunya ce, kuma da ita suke auna tarbiyyar mace. Tun da nake ban taɓa jin Zulai a bakinta ba. Ga shi na tsaya a gaban maza da baƙi na ce ita ta haife ni. Inna ta juya waina ɗaya, ta juya ta biyu, sannan ta ce da tandar:

"'Yar mutanen Zariya ce."

Matar Ibadan ta dube ni da tausayi, ta ɗauka ko dai ƙarya na yi, ko uwata ta yafe ni. Na tsaya kamar an watsa min ruwan sanyi. Hajiya Luba ce ta cece ni. Ta kwashe da dariya har tana buga cinya.

"Ɗiyar fari ta! Ku dubi goshin, ku dubi hancin. Inna, mun gane, Allah Shi bar kunya. Ni ma haka tawa uwar ka yi min."

Ta sauko daga benci ta durƙusa da leshinta a kan toka ta gaida Inna. Wasu suka bi ta, wasu suka tsaya duban agogo. Hajiya Bilki ta ajiye kwanonta da sauran waina a ciki, ta ce rana ta yi, a nemo bas.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Babanku bai ɗaga murya ba, da ma ba ya yi. Yana zaune a falo da hularsa a gwiwa.

"Kin kyauta. Kin tara matan iyayen gidana kin nuna musu ni maƙaryaci ne."

"Ban ambaci sunanka ba. Uwata na nuna musu."

"Da gangan kika yi."

"Da gangan na yi. Alhaji, a bencin nan ka same ni. Lokacin hayaƙin bai dame ka ba."

Sai ya ce daga yau ƙafata kada ta sake taka Abakpa sai ranar da Inna ta bar bakin titi. Na kwana da maganar. Da safe Rifkatu ta biyo daga coci ta gaya min ta bi ta ƙofar gidanmu na Abakpa, babu wuta, bencin a kife. Inna ba ta ma jira ƙarshen wata ba. Ta ji auren 'yarta yana rawa saboda ita, ta wanke tanda ta kife a bayan ɗaki. Wato abin da na yi don in hana, shi na gaggauto da shi. Na shiga ɗaki na ɗauki zannuwa kaɗan da littattafan makaranta. Na ce da babanku zan tafi Abakpa, ba yaji nake ba, ba kuma takarda nake nema ba, wuta zan je in hura. Ya ce in na fita kada in ɗauki yaro ko ɗaya. Ke Hadiza kina riƙe da zanina, sai da na ɓamɓare yatsunki. Wannan shi ne abu mafi ciwo da na taɓa yi, har yau in na tuna sai na ji shi a ƙirjina.

Na isa na ɗauko tanda, na jiƙa shinkafa, na kai niƙa. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana jan carbi, ba ta ce min ci kanki ba. Sai ta aiko Iya Nufawa ta gaya min in koma ɗakina tun kafin a yi abin kunya na biyu. Na ce a gaya mata ina nan. Da asuba na tayar da benci na hura wuta. To ni a gidan alƙali na tashi, alli na iya riƙewa. Ƙulluna wata rana ya ƙi tashi, wata rana ya yi tsami kamar an matsa lemo. In na cika wuta baya ya ƙone ciki ɗanye, in na rage ta sha mai ta kwanta. Kanwa ta yi yawa ta yi ja. Wajen juyi kuwa rabi a tanda rabi a cokali. Wani tsohon maigadi da ya fi shekara ashirin yana ci a wurin ya gutsura ya tauna, ya ce:

"Malama, Allah Ya ba da lada. Amma don Allah yaushe Inna za ta warke?"

Haka nake yi kullum, in sauke in yi wanka in tafi aji ina ƙaurin hayaƙi, yara suna ƙus-ƙus. Direbobin ma'aikata suka riƙa rage gudu a ƙofar gidan don su ga matar darakta a bakin murhu. Na riƙa ɗaga musu cokali ina cewa su gaida oga. Yayan babanku ya zo biko da rawaninsa, na shimfiɗa masa tabarma na gaishe shi da ladabi, na ce masa ni ban ƙi ɗakina ba, amma muddin Inna ba ta kan kujerar nan, ni ce a kai. Su zaɓa, surukar darakta ko matar darakta.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Na koma gida bayan damina ta wuce, babanku ne ya aiko mota, bai kuma sake ta da maganar ba har ya bar duniya. Ƙungiya ta daina aiko min da katin taro, ban yi kewarta ba. A ofis aka laƙa masa surukin mai waina, kuma da aka tsallake shi wajen naɗa babban sakatare ya ɗora laifin a kan wannan safiyar. Ni ban yarda ba, amma shi ya yarda, kuma wani abu ya yi sanyi tsakaninmu wanda bai sake ɗumi kamar da ba. Ku kuma kun yi watanni babu uwa a gida. Wannan ne kuɗin da aka biya, ba ni kaɗai na biya ba, na sani. Duk da haka in aka mayar da ni bakin Unguwar Shanu a safiyar nan, ta hanyar nan zan sake bi da su.

Ga yadda aka yi Inna ta fito. Wata safiya an kwana ana ruwa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika min ido. Bencin da ya saba cika saura mutum biyu, su ma don kara suke zuwa. Na zuba ƙullu ya kama tanda, na kankare, na sake zubawa ya sake kamawa. Wata mata ta leƙo da kwano, ta dubi abin da ke cikin faranti, ta ce a bar shi, za ta nemi ƙosai. Sai na ji motsin labule a bayana. Inna ta fito ta ɗaura ɗankwali tamau, ta tsaya a kaina tana kallon ɓarnar da nake yi. Ta ɗaga murya ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta kan katanga:

"Iya! Ki gaya wa waccan ta tashi min daga kujera. Shekara talatin ina gyara sunana a unguwar nan, za ta ƙone shi a damina ɗaya."

Na tashi. Ta zauna, ta janye itace biyu daga murhu, ta shafa mai, ta ɗanɗana ƙullun ta yamutsa fuska, ta ƙara ruwa da ɗan gishiri. Na tsaya a gefe da faranti ina hawaye, na ce hayaƙi ne. Wainar farko da ta fito lafiyayya ba ta sa ta a farantin masu saye ba. Ta ajiye ta a murfin kwano, ta tura shi da ƙafa zuwa inda nake tsaye, idonta yana kan wuta.

"A ci a tafi makaranta," in ji ta. "'Ya'yan mutane suna jira."